Darasi: Tsadar Ƙwan Majigi

'Yan'uwa manoma, mu a Damba da majigi muke koyar da noma bayan sujada. In ƙwansa ya mutu, kuɗin sabo yakan cinye abin da muka tara domin taki.

Zafi ne ke kashe shi da wuri. Ƙurar hunturu takan toshe ragar iska, sai mu riƙa kakkaɓe ta. Kada a kashe janareta sai fankar majigi ta tsaya.

In ya mutu, a sayi ƙwan kaɗai a sa cikin tsohon gidansa, ya fi araha. Kada yatsa ya taɓa gilashin. Irin wannan ƙwai yakan yi kamar awa 3,000, majigi mai fitilar LED kuwa wajen awa 20,000, ƙarami ma batirin sola ya ishe shi.