Ƙasar Fadama A Maiduguri: Abin Da Mai Jari Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Biya Kuɗin Fili

Da zarar damina ta ɗauke a Maiduguri, hankalin 'yan kasuwa da dama yakan koma ga noman rani a gaɓar kogin Ngadda, da kewayen madatsar ruwa ta Alau, da kuma kwarin Jere. Wasu kan sayi fili, wasu su karɓi haya ko jingina, wasu kuma su ba manoma bashin iri da taki da injin ban ruwa. Sai dai akasarinsu suna ɗaukar cewa duk inda aka kira fadama ƙasa ɗaya ce, alhali filaye biyu masu maƙwabtaka suna iya bambanta ƙwarai wajen amfanin da za su bayar da kuma kuɗin da za su ci. Wadda ta fi daraja ga mai lambu ita ce ƙasa gauraye, mai zurfi, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

Yadda Kogi Ke Rarraba Ƙasa

Ruwan Ngadda yana fitowa ne daga fadamun dajin Sambisa, inda ruwan kogin Yedzeram, mai gangarowa daga tsaunukan wajen Mubi, yake bazuwa. Daga nan yakan bi ta Alau, ya ratsa tsakiyar Maiduguri, ya ƙare a kwarin Jere. A duk shekarar da kogi ya cika ya tumbatsa, yakan zubar da abin da ya ɗauko bisa ga nauyinsa. Rairayi, da yake ya fi nauyi, shi ke fara zama a bakin gaɓa. Lallausar turɓaya takan ɗan ƙara gaba, laka kuwa sai can ƙasan kwari inda ruwa ke tsayawa. Saboda haka wanda ya taso daga bakin kogi ya nufi kwari zai taka ƙasa iri uku, kuma ta tsakiyar, wadda ke kan ɗan tudu, ita ce galibi gaurayen da ake nema.

Siffofinta

Masana suna raba ƙwayoyin ƙasa gida uku. Rairayi shi ne mai kaurin milimita 0.05 zuwa 2. Turɓaya daga 0.002 zuwa 0.05, abin da ya gaza haka kuwa laka ne. Ƙasa gauraye ta sosai tana da kusan kashi 40 cikin ɗari na rairayi, 40 na turɓaya da 20 na laka. Rairayin ke ba iska da ruwa hanyar wucewa, turɓaya da laka kuma su riƙe danshi da abincin shuka.

Wannan yana da nasaba kai tsaye da aljihun mai gona. Zurfin mita ɗaya na ƙasa gauraye yana riƙe ruwan da shuka za ta iya sha kimanin milimita 100 zuwa 175, na jigawa kuwa bai cika kai 100 ba. A ɗauki misalin albasa, wadda saiwarta ba ta wuce santimita 30 sosai ba. Idan ƙasa gauraye tana riƙe 150 a mita, saiwar tana da milimita 45 a hannu. A jigawa mai riƙe 70, milimita 21 ne kawai. In shuka tana shan milimita 6 a rana, kuma ana ban ruwa da zarar rabin ajiyar ya ƙare, mai ƙasa gauraye zai tayar da inji kusan bayan kwana huɗu, mai jigawa kuwa kafin kwana biyu su cika. Ga ladan ma'aikata, ga kuma takin zamani da ke bin ruwa ya nutse inda saiwa ba ta kai. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, tazarar takan ƙara faɗi.

Ita kuwa baƙar laka matsalarta daban ce. Tana riƙe ruwa da yawa, amma in ta jiƙe sai ta toshe, saiwar tumatur da tattasai da albasa ta rasa iska ta ruɓe. In ta bushe kuma sai ta tsage ta yi tauri. Wannan bai sa ta zama ƙasar banza ba, domin ita ce ta dace da shinkafar da aka san Jere da Zabarmari da ita, kamar yadda firkin arewa maso gabashin Borno ya dace da dawar masakwa.

Yadda Masana Suka Kasafta Ta

Tsari biyu ne aka fi gani a rahotannin binciken ƙasa a Nijeriya. Na farko shi ne na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wanda aka buga a 1975, kuma yanzu ya raba ƙasar duniya zuwa manyan rukunai 12. A cikinsa ƙasar da kogi ya ajiye tana ƙarƙashin rukunin Entisol, wato ƙasa mai ƙuruciya wadda ba ta daɗe ba balle ta yi matakai irin na tsohuwar ƙasar tudu; ƙaramin rukuninta kuma shi ne Fuluben. Na biyu shi ne na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, wanda ya fito da taswirar ƙasa ta duniya a 1974, aka kuma sabunta shi a 1988. A nan sunanta Fulubisol. Duka sunayen biyu daga kalmar Latin mai nufin kogi suka samo asali, kuma alamarsu ita ce shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ambaliya da tata.

A tsarin FAO, ƙasar da ruwa ke kwanciya a cikinta ita ce Gilesol, baƙar laka mai tsagewa Batisol, jigawa kuma Arenosol. Abin lura shi ne sunan Fulubisol asalin ƙasa kawai yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa gauraye ce ko ruwa na wucewa. Don haka a duba matakin tsanewar ruwa, wanda ya kasu gida bakwai, daga mai saurin tsanewa fiye da kima zuwa wadda ba ta tsanewa. Haka zalika, tun 1976 FAO ta fito da ma'aunin dacewa: S1 ga fili mai dacewa sosai da wata shuka, S2 matsakaici, S3 da ƙyar, N kuma bai dace ba. Fili ɗaya yana iya zama S1 ga shinkafa, ya zama S3 ga albasa.

Gwaji Kafin Ciniki

Na farko, a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi. Ƙasar da ruwa ke tsanewa launinta ruwan ƙasa ne bai ɗaya. In aka ga tabo-tabo na launin toka da na tsatsa kafin a kai mita ɗaya, shaida ce ruwa na daɗewa a wurin, ko da an tarar da shi a bushe ranar ciniki. A kuma lura ko akwai shimfiɗar rairayi zalla a ƙarƙashin ƙasa mai kyau.

Na biyu, a jiƙa ɗan dunƙule a murza tsakanin babban yatsa da manuni. Gauraye takan yi zare da bai wuce santimita biyu da rabi ba sannan ya karye. Laka takan wuce santimita biyar. Rairayi kuwa ba ya haɗuwa.

Na uku, gishiri da kanwa. A yankin da ruwan sama bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, ruwan ban ruwa yana ƙafewa ya bar gishirinsa a sama. Ana kiran ƙasa mai gishiri idan awonta ya haura desisimen 4 a mita, amma albasa tana fara raguwa tun daga 1.2, tumatur daga 2.5, shinkafa daga 3, alkama kuma sai 6. Ido ba ya gane wannan sai ya yi yawa, saboda haka a kai samfurin ƙasa da na ruwa ɗakin gwaji. Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, waɗanda aka kafa a 1975, duk suna cikin garin.

Ambaliya Da Lissafin Jari

Ambaliyar da ta gina wannan ƙasa ita ce kuma babban haɗarinta. Madatsar Alau, wadda aka kammala a 1986, ta yi ambaliya a 1994, sannan ta ɓalle ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri, aka yi asarar rayuka da gonaki da dukiya. Babbar ambaliya takan binne wani fili da rairayi, ta kwashe saman wani, ta ƙara wa wani albarka. Ke nan duk bayanin da aka samu game da wani fili kafin 2024 yana bukatar a sake tabbatar da shi da sabon rami.

Tun daga shirin bunƙasa fadama na ƙasa da aka fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, injin ban ruwa da gajerun rijiyoyin burtsatse suka yawaita, har samun ruwa ya zama abin da mai saye ya fi tambaya. Amma ana iya sauya inji ko a haƙa wata rijiya, ba a iya sauya ƙasar hekta guda. Ya dace mai saye, da mai ba da bashi, da bankin da zai karɓi fili jingina, su nemi abu huɗu a rubuce kafin a tsayar da farashi: nau'in ƙasar, matakin tsanewar ruwanta, awon gishirinta, da kuma inda ruwa ya kai a filin a Satumban 2024.