Darasin Kwamitin Ruwa: Bututun Zaren Gilashi, Yadda Ake Yinsa da Inda Ya Dace

A darasin wannan fitowa za mu duba wani irin bututu da ake kira GRP ko FRP, wato bututun roba da aka ƙarfafa da zaren gilashi. Dalilinmu shi ne, kuɗin da ikilisiya da jama'ar gari suka tara domin ruwa amana ne a hannun kwamiti, kuma kaso mai yawa na kuɗin a bututu yake tafiya. Kwamitin da bai san bambancin bututu ba, duk abin da ɗan kwangila ya kawo shi zai karɓa.

Abu biyu da suka zama ɗaya

Maginanmu sun daɗe da sanin asirin wannan abu. In za a yi ginin ƙasa, ana cuɗa ƙasar da ciyawa, domin ƙasa ita kaɗai tana tsagewa, ciyawa kuma ita kaɗai ba ta tsayawa. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna a Fitowa sura 5 yadda Fir'auna ya hana Isra'ilawa ciyawar yin tubali. Haka bututun nan yake. Zaren gilashi ne ke riƙe ƙarfin ruwa, wani danƙo da ake kira rezin kuma shi ke haɗa zaren ya toshe kowace kafa. A manyan bututu ana ƙara yashi mai tsabta a tsakiyar bangon domin ya yi kauri ba tare da tsada ba.

Zaren kansa daga yashi da farar ƙasa da wasu ma'adinai ake yinsa. Ana narka su a zafin da ya wuce digiri 1,000, a jawo ruwan gilashin ta ƙananan huda, ya fito siriri fiye da gashin kai. A Amurka aka fara yinsa da yawa a shekarun 1930, kuma kamfanin Owens Corning da ya shahara da shi an kafa shi a 1938. Masu haƙar man fetur na cikin waɗanda suka fara amfani da bututun, saboda ruwan gishiri yana cinye musu ƙarfe.

Hanyoyi biyu na ƙera shi

Hanya ta farko ita ce naɗi. Ana da doguwar gangar ƙarfe mai juyawa. Da farko a shimfiɗa mata rufin ciki mai yawan rezin, domin shi ne zai riƙa taɓa ruwa. Sai inji ya jiƙa zaren da rezin ya riƙa naɗa shi a jikin gangar, kamar yadda zare ke naɗuwa a mazari, hawa bisa hawa. Karkatar zaren ba da ka ake yinta ba. A bututun da ruwa zai matsa ta gefe da kuma ta tsawo, ana karkata shi wajen digiri 55, domin matsin da ke neman fasa bututu ta gefe ya ninka wanda ke jansa ta tsawo sau biyu. Bayan rezin ya daskare da zafi, sai a zare gangar.

Hanya ta biyu ita ce juyi. A nan cikin ganga ake zuba yankakken zare da yashi da rezin, gangar tana juyawa da gudu, kayan su manne a bangonta, iska ta fita. Bututun yakan fito da santsi ciki da waje.

Daga nan a yanka shi, yawanci mita 6 ko 12, a gyara bakinsa domin mahaɗi mai zoben roba. Ma'aikata ta gari tana cika bututu da ruwa ta matsa shi fiye da ƙarfin da aka rubuta a jikinsa kafin ya fita. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa suna neman a gwada samfuri har awa 10,000, daga nan a lissafa ko zai kai shekara 50. Aikin yana da haɗari ga ma'aikata: warin rezin yana cutar da numfashi, ƙurar gilashi tana sa ƙaiƙayi, saboda haka dole a sa takunkumi da safar hannu.

Ƙarfinsa da rauninsa

Ba ya tsatsa, wannan shi ne babban amfaninsa. Ba shi da nauyi, domin bai fi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin bututun ƙarfe irin girmansa ba. Cikinsa sumul ne, ruwa yana wucewa da sauƙi, injin turo ruwa bai cika shan mai ba.

Amma ba ya son duka. In aka wurgo shi daga mota, zai iya tsagewa ta ciki ba a gani ba, sai an saki ruwa. Yana kuma ɗan lanƙwasuwa, don haka ƙasar da ke gefensa ce ke tallafa masa. Dole a shimfiɗa yashi ko ƙananan tsakuwa a ƙasan rami, a cika gefensa a daddaɓe sosai, ban da manyan duwatsu. In ya motse fiye da kashi 5 cikin 100 na faɗinsa, aikin ya ɓaci. Gyaransa kuwa sai gwani mai kayan aiki.

Abin da ya shafe mu

Wannan bututu ya fi dacewa da manyan ayyuka, daga madatsar ruwa zuwa gari ko noman rani, inda faɗin bututu kan kai milimita 300 har zuwa mita 4. A ƙauye, PVC mai kauri da baƙin bututun HDPE sun fi araha, kuma mai gyaran famfo na kusa ya san su. Kada a ruɗe mu da sunan sabon kaya.

Darasin tsatsa kuwa namu ne kai tsaye. Famfon tuƙa-tuƙa na India Mark II yakan zo da bututun ƙarfe, kuma inda ruwan ƙasa ke da tsami, wato ma'aunin pH ƙasa da 6.5, ƙarfen yana ruɓewa da wuri. Ruwa ya koma ja, tuwo ya sauya kala, mata su koma rafi, ciwon ciki da amai da gudawa su dawo wa yara. Famfon Afridev yana amfani da bututun PVC ne saboda wannan matsala. Don haka kafin mu sa hannu a kwangila, mu nemi a gwada ruwan, a rubuta irin bututun da ƙarfinsa a takarda, kuma mutum biyu daga kwamiti su tsaya ranar sauke kaya da ranar binnewa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane irin bututu ne a rijiyar burtsatsenmu, kuma wace shekara aka sa shi?
2. Ruwanmu yana yin ja da safe? In haka ne, wa za mu sanar?
3. Nawa ke cikin asusun gyara, kuma zai isa sauya bututu gaba ɗaya?

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe wannan amana.