Amsar Tambaya: Magidancin da Aiki Ya Raba da 'Ya'yansa

Mai tambaya, wanda yake aiki a Abuja alhali iyalinsa suna Kano, ya koka cewa 'ya'yansa sun girma ba su saba da shi ba, har sukan yi tsit idan ya shigo falo. Wannan kuka nasa nadama ce. Malaman fiƙihu suna lissafa nadama, wato baƙin ciki kan abin da ya wuce, cikin sharuɗɗan tuba, amma ba ta wadatarwa sai an haɗa ta da barin laifin da ƙudurin daina komawa gare shi.

Ya kamata mai tambaya ya gane cewa nafaƙa, wato ciyarwa da tufatarwa da matsuguni, wajibi ce da ya sauke, sai dai kuɗin da ake turawa ta banki ba sa sauraron haddar yaro, ba sa zuwa makaranta ranar karɓar sakamako. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla ranakun aiki 6 da albashinsa, kuma ya fi dacewa ya ɗauki nasa lokacin hutun makaranta, ya ajiye waya, ya ci abinci tare da yaran, tun da sabo ba ya samuwa a zama ɗaya.