Amsar Tambaya: Kartar Foka ta Intanet ko ta Gaba da Gaba?

Babban abin da ya raba foka ta intanet da ta gidan caca shi ne sauri. A tebur, inda mutum ke raba kati da hannu, akan yi zagaye kusan 30 a awa guda. A intanet tebur ɗaya yakan ninka haka, kuma ana iya buɗe tebura da yawa lokaci guda. Shi ya sa aka fi saurin ƙwarewa a lissafin kati a can, ga kuma manhajojin da ke adana kowane zagaye don bita. Chris Moneymaker, wanda ya lashe dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Vegas a 2003, ta shafin foka na intanet mai suna PokerStars ya samu gurbin shiga gasar.

Zaman gaba da gaba kuwa yana koyar da karantar mutum: rawar hannu wajen tura kuɗi, ko shirun da ya yi tsawo. Abokan karawa a nan sukan fi rauni, amma kuɗin mota, masauki da tukuicin mai raba kati suna cinye ribar.

A duka biyun gidan yana yankar kasonsa daga kuɗin da aka zuba, don haka yawancin 'yan wasa da asara suke ƙarewa, saurin intanet kuma yana gaggauta ta. Ga Musulmi, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta caca. Duk wanda ya fara cin bashi don ya mayar da abin da aka cinye masa, ya kamata ya daina nan take, ya nemi taimako.