Jiyare ta Katsina: yadda unguwar Turawa ta zama ta manya

A wannan makon mu 'yan kulob ɗin jarida mun kawo muku darasi a kan wata unguwa da yawancinmu muka fi jin sunanta fiye da ganinta, wato Jiyare ta birnin Katsina. Ana rubuta ta GRA, ma'anarta kuwa wurin da gwamnati ta keɓe. To wa aka keɓe wa, kuma don me?

A shekarar 1903 Turawan Ingila ƙarƙashin Gwamna Lugga suka shiga Katsina ta Ƙofar Yanɗaka. Amma ba su zauna cikin birni ba. Bayan ganuwa suka koma suka gina ofisoshi da gidajen Razdan da Di'o da likita, jama'a suka riƙa kiran wurin Bariki. Haka suka yi a Kano, inda suka zauna Nasarawa da Bompai. Daga nan ne ma muka samo kalmar "ɗan bariki", wadda har yau idan kaka ta kira ka da ita ka san ba yabo ba ne.

Babban dalilin da suka bayar shi ne sauro. A 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin maleriya. Sai Turawan mulki suka ce sauron yana ɗauko cutar ne daga jinin mutanen gari, musamman yara, wato irinmu ke nan. Don haka aka kafa ƙa'ida a bar fili fayau na yadi 440, kusan mita 400, tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, aka kuma ƙarfafa wannan rabuwa da dokar tsara garuruwa ta 1917. Abin dariya a nan shi ne kuku da boyi da mai gadi duk 'yan ƙasa ne, kuma a ɗakunan bayan gidan Bature suke kwana, waɗanda ake ce wa boyis-kwata. Ko sauron yana tambayar takardar izini kafin ya tsallaka? Mu dai a ganinmu ba sauro kaɗai ake gudu ba.

Abin da ya fi bambanta Jiyare da sauran unguwanni shi ne inuwa. Katsina tana bakin hamada, ruwan sama daga wajen Yuni zuwa Satumba ne kawai, sai hunturu da ƙurarsa, sai bazara mai ƙona ƙafa. Saboda haka aka yi gidajen da baranda mai faɗi da manyan tagogi, kowane gida a tsakiyar fili babba, aka jera itatuwa a bakin titi, musamman bedi, wanda wasu ke ce wa darbejiya ko dogon yaro. Asalinsa daga ƙasar Indiya yake, a zamanin Turawa aka kawo shi, kuma ya karɓi ƙasarmu don yana jure fari. Itacen yana tare rana, ganyensa yana fitar da danshi, yana kuma rage ƙarfin iska mai ɗauke da rairayi. Shi ya sa mai tafiya a ƙasa yake jin sauƙi da zarar ya shiga layin.

Kada wani ya ɗauka mutanen cikin birni ba su da tasu dabarar. Katangar ƙasa mai kauri, da soro, da lungu matsattse wanda gida ke yi wa gida inuwa, duk maganin zafi ne, kuma ba su buƙatar a yi musu ban ruwa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, birnin ya zama hedikwata, fili a Jiyare ya yi tsada. Yanzu akwai 'yan siyasa da 'yan kasuwa, da otal-otal da makarantun kuɗi. An yanka wasu manyan filayen gida-gida, an sare itatuwa don a yi gini, katanga ta ƙara tsawo. Gidaje da yawa suna da rijiyar burtsatse da sola, don haka ko famfo ya ƙafe ko an ɗauke wuta ba su cika ji ba.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Mu a Batsari da Safana muna maƙwabtaka da dajin Rugu, wanda shi ne katangarmu tsakaninmu da hamada. Shekara da shekaru ana saran itacensa ana lodawa a mota zuwa birane don girki, ga kuma rashin tsaro da ya raba mutane da yawa da gonakinsu, wasu har sun koma Katsina zaman haya ko raɓe a gidajen dangi. Mai gida a Jiyare yana iya sayen na'urar sanyaya ɗaki idan bishiyarsa ta tafi. Manomi a Ruma ko Runka kuwa, idan iska ta kwashe masa ƙasar gona, ba shagon da zai je ya sayo wata.

Aikin wannan mako: kowane aji ya ƙirga itatuwan da ke gaban ajinsa, ya rubuta sunayensu da Hausa, ya nuna waɗanda aka dasa da waɗanda suka fito da kansu. A miƙa wa sakataren kulob kafin a tashi ranar Alhamis, za mu liƙa sakamakon a nan jikin allo.