Amsoshin Tambayoyinku: Ina Gambarun Sarakunan Borno Take?

Tambaya: Kakana yakan ce sarakunan Borno na dā suna da gidan hutu a wani wuri da ake kira Gambaru. Shin unguwar Gamboru ce ta nan garinmu? Daga wani mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa tsoho lafiya, maganarsa gaskiya ce, suna ne kawai ya zo kusa. Ba Gamborun Maiduguri ba ce, ba kuma ta Ngala ba. Wannan Gambaru tana bakin kogin Komadugu Yobe, tafiya kaɗan daga kufan Birnin Ngazargamu, wajen Gaidam a Jihar Yobe ta yanzu. Ita Yerwa, wato Maiduguri, sai a 1907 ta zama mazaunin Shehun Borno, lokacin kuwa Gambaru ta shekara kusan ɗari tana kango.

Mai Ali Gaji ne ya kafa Ngazargamu a ƙarni na 15. Da birni ya cika ya batse da fatake da malamai da masu kawo ƙara, sai sarakuna suka nemi inda za su sha iska kusa da ruwa. Tarihin baka na Barebari yana jingina ginin Gambaru ga Magira Aisa Kili, wadda ake cewa ita ce mahaifiyar Mai Idris Alauma, sarkin da ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na 16.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kayan ginin. Ba tubalin laka ba ne da ake shanyawa a rana, irin wanda muka saba gani a Kano da Zariya. Jan bulo ne gasasshe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake gasa tukwane ya san aikin ba wasa ba ne: sai an zaɓi yumɓu mai kyau, an buga shi daidai wa daida, an tara itace mai yawa, sannan a samu gwanin da ya san lokacin da wuta ta isa. To, ka auna yawan bulon da zai tayar da katangar fada, da ɗakunan ciki, da masallaci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ƙarfin daular da hannun maginanta.

A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Goni Mukhtar suka ci Ngazargamu. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya taimaka aka ƙwato birnin, amma garin bai sake zama da gindinsa ba. Mutane suka watse, Gambaru ma ta bi sahu, mulki ya koma Kukawa, wadda aka kafa a 1814.

Baturen Ingila Dixon Denham ya isa Gambaru a 1823, shekara 15 kacal bayan faɗuwar Ngazargamu. Ya tarar da katangun bulo a tsaye, da ragowar masallaci, amma bakin kogin da a dā yake cike da gonaki ya zama daji, har da giwaye da dorina. Heinrich Barth ɗan Jamus, wanda ya ratsa ƙasar bayansa da kusan shekara 30, shi ma ya yaba da ingancin bulon. Wannan wuri na labarin yana taɓa ni ƙwarai. Inda sarki yake zama da hantsi yana kallon ruwa, kafin yaron da aka haifa a lokacin ya yi aure, namun daji sun gaje shi.

Kogin ma ya canza. Ruwansa daga Haɗeja da Jama'are yake gangarowa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ambaliyar da ke shayar da fadamun yankin ta ragu.

Idan za ka je, Malam, ka fara tambayar lafiyar hanya, ka kuma nemi ɗan gari a Gaidam ya raka ka. Ina roƙonka abu ɗaya: kada ka ɗauko ko guntun bulo don tsaraba. Ka ɗauko hoto, ka kawo wa tsoho ya gani.