Idan Tukunya Ta Saba Ƙonewa a Hannunki

Akwai matar da ta iya girki sarai, amma miyarta ba ta rabuwa da ƙauri. Ta ɗora tukunya, ta fita ɗebo ruwa, ta hango shanya a igiya, ta hau kwashewa, sai hayaƙi ne zai tuna mata. Dangin miji su ce sakarci ne, har ita ma ta yarda. Wani lokaci kuwa abin da likitoci ke kira ADHD ne, wato yanayin ƙwaƙwalwa da ke wahalar da tsayar da hankali wuri ɗaya da lura da tafiyar lokaci. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya na da shi, da yawansu kuma da shi suke girma. An fi gano shi a yara maza saboda ƙiriniyarsu a fili take. Yarinya tana zaune shiru hankalinta ya yi nisa, har a aurar da ita ba wanda ya lura.

'Yar'uwa, idan ke ce, ki daina dogara da "zan tuna". Ki fitar da tunin daga kanki, ki ajiye shi inda ido zai gani. Kina ɗora tukunya ki saita ƙararrawar waya, ki bar wayar a madafa nesa da wuta, yadda dole ƙafarki ta kai ki can kafin ki kashe ta. Makulli ya samu ƙusa ɗaya a bayan ƙofa, magani ya zauna kusa da butar alwala. Kayan miya ki zuba su a robar da ake hango cikinta, domin abin da aka rufe, a wurinki kamar babu shi ne.

Alƙawarin "anjima" ba ya cika. Ki ɗaura kowane aiki a jikin salla: wanki bayan Asuba, jiƙa wake bayan La'asar. "Gyaran ɗaki" kuma ya yi girma a fara shi. Ki ce kwashe kwanuka kawai, in an gama a ɗauki tsintsiya. Aikin da kika daɗe kina gudu, ki kira ƙanwa ko maƙwabciya ta zauna kusa tana tsinkar zogalenta. Ba sai ta taya ki ba, zamanta kaɗai kan riƙe hankali. Maigida shi ma yana da nasa aikin: ya ba ki saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, in sun yi yawa ya turo a rubuce ko a murya.

Sai dai ba kowace mantuwa ce ADHD ba. Alamunsa kan fara kafin shekara 12, don haka mantuwar da ta zo miki bayan kin haihu tana iya zama rashin barci, ƙarancin jini ko ciwon damuwa. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai bambance. Akwai irin waɗannan likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Ki tafi da wanda ya san ƙuruciyarki, uwa ko yaya, domin za a tambaya.